Lita Huɗun Sammako

Lita huɗu na fetur ake zuba masa kowace safiya. Shekara goma sha ɗaya Sammako yana raba burodi a kan babur ɗin gidan burodi, kuma lita huɗun nan tana kai shi shago talatin da biyu ta dawo da shi, har a tarar da ɗan saura a gindin tanki. Sunan ma a wurin aikin ya same shi, don kafin mai gashi ya fitar da tiren farko yana tsaye bakin ƙofa, akwati a buɗe.

To, wata guda ke nan mai ba ya kaiwa. Daga shago na ashirin da bakwai babur zai yi tari, ya yi shiru. Sauran biyar ɗin da turi yake kai musu, burodi ya huce, masu shayi suna yi masa tsiya.

Ranar Litinin mai gidan burodin ya kira shi ɗakin da ake jibge buhunan fulawa. Bara ya gaji wurin daga ubansa, kuma Sammako ya san shi tun yana yawo ba wando.

"Baba Sammako, babur ba ya da baki biyu. Ko dai injin ne, ko kuma akwai galan a wani wuri."

"Galan kuma?"

"Ni ban ce komai ba. Zuwa Asabar a san inda man yake tafiya. In ba a sani ba, a ajiye mini makullin babur."

Ba a ce masa ɓarawo ba. Amma da ya fito, masu kwaɓa fulawa duk suka kau da kai, kowa ya duƙufa kan abin da ke gabansa.

Daga nan gareji ya nufa, wurin bakaniken da kowa ke kira Baƙin Mai, abokinsa tun suna samari.

"Tsoho mai ran ƙarfe, me ka kashe kuma yau?"

"Kai ka kashe shi da gyaranka na ganganci. Shan mai yake kamar raƙumi ya ga rijiya."

Baƙin Mai ya cire fulogi, ya duba, ya sa sabo. Talata mai bai kai ba. Ya wanke matatar iska, ya kwance kafireto ya hure shi tas. Laraba bai kai ba. Aka ƙara wa tayoyi iska, aka ɗaure sarƙa aka shafa mata mai, aka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin babur don a ga ko yana yoyo. Kwali ya wayi gari a bushe. Alhamis ma a shago na ashirin da bakwai ya mutu, kamar an yi masa alkawari da wurin.

Akwai abin da Sammako bai faɗa wa kowa ba, don a ganinsa bai shafi babur ba. Ƙafarsa ta dama ta daina ji. Da farko kamar tururuwa ke yawo a tafin, daga baya tururuwar ma ta tafi, ya zama kamar ƙafar wani ya aro. Ran nan silifas ya fita a hanya, bai sani ba sai da ya iso gida. Washegari ya sayi takalmi mai igiya. Matarsa kaɗai ta gane, ranar da ta ga ya tsoma ƙafar a ruwan da ita ta kasa sa yatsa.

"Baban yara, ka je asibiti."

"Ki yi harkar gabanki. Ƙafa tana tafiya, me kuma ake nema?"

Ranar Juma'a Sammako ya shigo gareji da zafinsa. Baƙin Mai ya tsuguna zai duba sarƙa, hannunsa ya taɓa wajen birkin baya, ya yi tsalle yana yarfe yatsu.

"Kai! Nan ai sai a soya ƙwai."

Ya kwance birkin. Fatar birkin da ya sa wata biyu da suka wuce ta cinye ƙarƙaf. Ya sa sabuwa, ya ɗaga babur ya juya taya, taya ta yi ta juyawa ba abin da ya riƙe ta. Ya daɗe yana kallon tayar, sannan ya kalli abokinsa.

"Hau mu je. Zan bi ka a baya."

Ba su yi nisa ba Baƙin Mai ya yi masa hon suka tsaya a gindin wata katanga.

"Tunda muka fito danjarka a kunne take, ja wur. Tafiya kake kana taka birki. Injin yana ja, kai kana riƙewa, ina mai zai kai?"

"Ƙarya kake. Ƙafata ba ta kan birki."

"Duba mana."

Sammako ya sunkuya. Ga takalmi mai igiya zaune daram a kan ƙarfen birki, ya danne shi har rabi. Ya ɗago zai yi musu, sai ya ga idon Baƙin Mai yana ƙasa. Ya sake dubawa. Ashe abokin nasa ya ɗora diddige a kan yatsunsa yana murzawa, shi kuwa ko gezau.

"Tun yaushe?" in ji Baƙin Mai. Babu wasa a muryar yanzu.

"Ba ruwanka. Sassauta mini birkin, yadda ko na taka ba zai kama ba. Na gaba ya ishe ni."

"Da akwati cike a bayanka? A gangaren kasuwa?"

"Gobe Asabar. Kana so yaron nan ya kore ni da sunan ɓarawo? Ni?"

Baƙin Mai ya yi tsaki, ya zagi babur, ya zagi burodi da wanda ya ƙirƙiro shi. Sannan ya zaro sifana ya sassauta.

Asabar babur ya tashi kamar an sauke masa dutse. Shago goma, shago ashirin, injin yana kuka mai daɗi irin na da. Ya wuce na ashirin da bakwai bai ko yi tari ba. Sai a gangaren kasuwa wata mata da goyo ta fito daga bayan motar kaya. Sammako ya taka birki. Ko ya taka ko bai taka ba, shi kansa bai sani ba, don ƙafa ba ta gaya masa komai ba, birkin ma ba ya nan. Ya cafki na gaba, akwati ya yi gefe, babur ya ja taya ya tsaya. Tsakanin fitilarsa da kan jaririn bai fi taƙi ɗaya ba. Jaririn ko farkawa bai yi ba.

"Tsohon banza, makaho ne kai?" Matar ta zuba masa ashar ta wuce.

Bai rama ba. Ya ƙarasa sauran shagunan a giya ɗaya, rigarsa sharkaf.

A gidan burodi mai gidan yana jiransa da sandar awo. Ya buɗe tanki ya tsoma, ya zaro, ya ɗaga sama yadda masu kwaɓa fulawa za su gani. Sanda ta jiƙe kusan yatsa uku.

"Ikon Allah. Ka ga, Baba, da aka yi magana mai ya san hanyar gida. Shi ke nan, ya wuce. Ka riƙe makullinka, amma kar a kuma."

Wani ya yi dariya a ciki. Ga aiki ya tsira, ga suna ya tafi.

Sammako ya zauna a kan buhun fulawa, ya kwance igiyar takalmi, ya cire safa. Ya zaro babbar allurar ɗinkin buhu da ke soke a jikin ƙofa, ya caka a tafin ƙafarsa yana kallon mai gidan ido cikin ido. Jini ya fito ya ɗiga a kan farin gari. Ko ƙiftawa bai yi ba.

"Ga galan ɗin da kake nema. Wata guda tana kan birki ban sani ba. Ubanka ya ba ni makullin nan, ban taɓa shan ɗigon mansa ba." Ya ajiye makulli a kan buhu. "Duk wanda za ka ba, ya fara kai shi wurin Baƙin Mai a ɗaure birkin baya. Kar ya hau kafin nan."

"Baba, tsaya mana, ai da ka faɗa..."

"Da na faɗa ka ce me? In ci gaba?"



Da ƙafa Sammako ya koma gida, rana tsaka, lokacin da bai taɓa dawowa ba. Matarsa tana shanya. Ta dubi bayansa ba ta ji ƙarar babur ba, ta dubi ƙasa ta ga takalmi ɗaya ya jiƙe da jini.

"Ɗauko mayafinki," ya ce. "Asibitin nan da kike ta faɗa, wace mota ake shiga?"