Kambun Manu

A Matameye an gama yanke hukunci cewa Bidi, dokin da Manu ya gada wajen wansa, yana da iskoki. Shaidar kuwa, da zarar Manu ya doshi turke sai dokin ya miƙe kan ƙafafun baya, yana huci yana harbi.

Ana cikin haka ɗan saƙon kumandan, Baturen mulki, ya zo: ranar Juma'a ana son mai doki ya kai takarda Damagaram, wanda ya kai an ɗauke masa aikin hanya. Manu kuwa da ciwon ƙirji, wata guda yana fasa dutse ba lalle ya dawo ba.

Matarsa Baiwa ba ta yarda da zancen iskokin nan ba. Ita ke kai wa Bidi dusa da ruwan kanwa. Yakan zabura in ya ji motsi, amma bai taɓa harbinta ba. Wane irin aljani ne mai zaɓen maza?

Kwana uku tana zama kusa da turke tana kaɗi, tana yi masa hira kamar maƙwabciya. Ran farko ya shinshini zanenta. Ran na uku ta sosa masa wuya, hannunta ya bi har cinya, ta ji tsohon tabo mai sawun haƙora. Ta duba tabon da kyau, sai kuma dariya ta kama ta.

Ta sami mijinta a zaure. "Maigida, ara mini kambun nan na damtsenka."

"Ke, wannan na maza ne. Don dokin nan aka ɗinka mini, maganin tsoro."

"To ni ma yau tsoro nake ji."

Ta ɗaura, ta doshi turke. Tun tana nesa Bidi ya kafe kunnuwa, ya fizgi igiya har turken ya girgiza. Ta koma ta rataye kambun a bayan rumbu, ta wanke hannu da toka, ta dawo. Ya yi ta kallonta yana rawar jiki, can ya sa baki a tafinta.

"Maza ka yi wanka ka sauya riga," ta ce wa Manu. "Ka zo da harawa. Ban da bulala."

"In ya kashe ni fa?"

"Sai in gaji doki mai hankali."

Ran Laraba Bidi ya ci a hannun Manu. Ran Alhamis ya karɓi sirdi. Da hantsin Juma'a Manu ya sa ƙafa a likkafa, unguwa duk ta fito, Baiwa na riƙe da linzami tana raɗa a kunnen dokin. Ta saki. Bidi ya taka, ya taka, ya ɗauki hanyar Damagaram da sukuwa, mata suka rangaɗa guɗa.

Salamatu maƙwabciya ta riƙo hannunta. "Wane malami ya fitar da iskokin?"

"Kura ta cije shi yana ƙarami," in ji Baiwa. "Kambun kuma da fatar kura aka ɗinka shi."