Manasseh Yana Waje

Baturiyar mai kula da ɗakin ta ajiye akwatin kwali a gaban Monica, ta ce mata cikin raɗa ban da biro, sai fensir. Ɗakin ajiyar tsofaffin takardu ne a wata jami'a a Birmingham, inda aka tara duk abin da 'yan mishan suka rubuto daga Arewa. Sanyi ya fi na waje, ba a jin komai sai motsin takarda.

Da safe Monica ta hau jirgin ƙasa daga Manchester. Ta bar mahaifinta a gidansu na Levenshulme a hannun maƙwabciyarsu Asmawu, 'yar Ghana, wadda Baba yake yarda ya ci abinci daga hannunta.

Tun bara Baba ya fara mantuwa. Amma abin da ya fi tayar wa Monica da hankali na kwanan nan ne. In nas ta ce, "Mista Manasseh, ga maganinka," sai ya juya ya dubi ƙofa.

"Manasseh yana waje," zai ce. "Ruwa na dukansa. Ku buɗe masa."

Ta sha buɗewa don ya kwantar da hankali. Ba kowa sai kwandunan shara da motocin da ke wucewa. Matar da council, wato ƙaramar hukuma, ta turo ta rubuta cewa ya manta sunansa, ta fara zancen kai shi care home, gidan kula da tsofaffi. Likitansa kuwa ya ba da shawara a nemo abubuwan ƙuruciyarsa, ko hoto ko sunayen abokai, wataƙila su riƙe shi. Shi ya kawo ta nan.

Ta sami littafin cocin ƙauyensu a ƙasan akwatin. Tawadar ta koma ruwan ƙasa. Ga shi nan a jerin baftisma: Manasseh, ɗan Bobai, an karɓe shi a makarantar kwana ta mishan. Ta yi murmushi, ta ɗaga waya ta ɗauki hoto. Sai ta ci gaba da buɗawa, ko za ta ga sunan kakarta.

A ƙarshen littafin akwai jerin waɗanda aka binne. Agusta 1953. Manasseh, ɗan Bobai, ɗan makaranta, ya rasu a gida lokacin hutu, zazzaɓi. Dattijon coci ne ya yi addu'a, Baturen mishan yana ƙasarsu.

Monica ta karanta ta sake karantawa. Ta ɗaga kai ta ga kowa yana kan aikinsa.

"Ko Bobai biyu ne a garin?" ta tambayi Baturiyar.

"Mai yiwuwa," in ji ta. "Amma akwai wani fayil na shekara ta gaba. Takardun shari'a ne da suka shafi makarantar. In kawo?"

Shafi biyu ne kacal, kwafi daga kotun En'e, an buga da tafireta. Wani mutum mai suna Gimba, ƙanen marigayi Bobai, ya kawo ƙara. Ya ce yaron da ke makarantar mishan ba Manasseh ba ne, ƙanensa ne Nyam, uwarsu ta sa masa rigar mamaci ta tura shi don kada gurbin ya tafi. Shi yana son a ba shi yaron ya taya shi noma.

Kotu ta kira uwar, Raki. Ta rantse cewa Nyam ne ya mutu, shi ta binne da hannunta. Aka tsayar da yaron a gaban jama'a aka tambaye shi sunansa. An rubuta cewa ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce Manasseh. Aka tambaye shi ina Nyam. Ya ce yana cikin ƙasa. Aka kori ƙarar.

Monica ta zauna da takardun biyu a gabanta. Coci ta binne ɗaya, kotu ta binne ɗayan, ga kuma tsoho a Levenshulme yana shan kunu. Ta dubi katin da aka rataya mata a wuya: Monica Manasseh. Sunan da ke kan fasfonta da takardar aikinta da na ƙanenta Asher.

A jirgin komawa wayarta ta yi ƙara. Asher ne.

"Yaya, kin samu wani abu? Social worker ɗin nan ta council ta ce Monday za ta dawo fa."

"Ina cikin train, network ba kyau," ta ce. "Sai na iso."

Har Stockport tana kallon fuskarta a gilashin taga, ruwa na gangarowa a kanta.

Ta iske Asmawu tana naɗe sallaya a falo.

"Sannu da hanya. Ya ci tuwo sosai yau," in ji Asmawu. "Amma sau biyu ya sa ni buɗe ƙofa. Ni dai har tsigar jikina ta tashi, Monica."

"Na gode, Anti. Allah ya saka."

Da Asmawu ta fita, Monica ta tsugunna a gaban kujerarsa ba ta ko cire kwat ba. Yana kallon talabijin da aka kashe wa sauti. Ta kama hannunsa, hannun da ya shekara talatin yana riƙe alli a makarantun Kaduna.

"Baba."

Bai motsa ba.

"Nyam," ta ce a hankali.

Ya juyo nan take. Rabon da ta ga idonsa ya tsaya a kanta haka tun kafin Kirsimeti. Ya damƙe hannunta da ƙarfin da ba ta san yana da saura ba, ya leƙa bayanta, ya leƙa kicin.

"Wa ya gaya miki?" Muryarsa ta zama ƙarama. "Yi shiru. In Bature ya ji zai kore ni. Inna ta ce ko a mafarki kada in amsa."

"Bature ya tafi, Baba. Ya daɗe da tafiya."

"Kawu Gimba fa?"

"Shi ma."

Ya juya maganar a ransa. Numfashinsa ya sauka kaɗan kaɗan, amma bai saki hannunta ba.

"To in haka ne," ya ce, "sai in mayar masa da abinsa. Ai aro ne. Na daɗe da shi."

Wayar ta sake ƙara a aljihunta. Ta ciro da hannu ɗaya ta ɗauka.

"Yaya? Me kika gano?"

Ta dubi mahaifinta. Ya ɗora yatsa a kan leɓensa yana roƙonta da ido, kamar yaro a bayan aji.

"Sunansa yana nan a littafin baftisma," ta ce. "Zan turo maka hoton."