Muryar da Ottavio Ya Ara wa Furio

A shekarun da kowane mai kuɗi a Roma yake son ya yi fim ɗin kaboyi, 'ya'yan Nunzia biyu duk a silima suke ci. Gaspare, ƙaramin, mahayin doki ne, shi ke shiga rigar jarumi in an zo wurin sukuwa. Ottavio, babban, murya yake sayarwa, don a lokacin sai an gama ɗaukar hoto ake shiga ɗaki a ɗora wa kowa magana. Shagona na gahawa a ƙasan benensu yake a unguwar Testaccio, saboda haka kusan komai a gabana aka yi.

An tafi hamadar Sifen ɗaukar wani fim mai suna Ƙishirwa a Santa Rufina. Jarumin shi ne Furio Baldassi, dogo, kyakkyawa, ko jaki bai iya hawa ba. A ranar ƙarshe Gaspare ya gangaro da baƙin doki daga kan dutse a guje, gangarar da mahaya da yawa suka ƙi. Yana zaune a sirdi ya saki linzami yana shan ruwa, sai Furio, wanda ya bugu tun hantsi, ya harba bindigar wasa a kunnen dokin don 'yan mata su yi dariya. Dokin ya miƙe, ya faɗo a kan mahayinsa. A kwance aka dawo mana da Gaspare, ƙafafu sun mutu.

Furio ko dubiya bai zo ba. Abin da ya iso mana shi ne maganarsa, wai mahayin da ba ya iya zama a kan doki, me ya kai shi?

Da aka zo ɗora murya, furodusa ya kira Ottavio, bai san wan Gaspare ne ba, don da wani suna yake aiki. Ottavio ya karɓi aikin yi wa Furio murya. Nunzia ta sauko har shagona ta same shi.

"Ba ka da kunya? Wanda ya karya ƙanenka za ka ara wa baki?"

"Mama, koma sama. Baki zan ba shi, amma ni zan zaɓi wanne."

Darakta ya riga ya wuce wani fim. Ottavio ya riƙa ɗauko kowace magana da kauri irin na maza, sai a wutsiyarta ya saki 'yar rawa, kamar yaron da ke danne kuka. Furodusa ya tambaya, "Wannan rawar fa?"

"Zurfin ciki ne, ranka ya daɗe. Mutumin da ya ga mutuwa ido da ido."

Mai silima yana jira, furodusa ya ce a wuce.

Ranar Lahadi da la'asar muka ɗauki Gaspare da kujerarsa zuwa silimar unguwa. Gaskiya fim ɗin yana da abin kallo. Labarin dai tsohon zance ne, zinariya da ramuwar gayya, tsakiyarsa kuma sai hamma. Amma sararin nan ja, da ƙahon da ake busawa shi kaɗai, da tsohon mugu mai kunne ɗaya, sun isa kuɗin tikiti. Da baƙin doki ya gangaro dutse, ɗaki ya miƙe tsaye ana tafi.

Sai jarumi ya tsaya a ƙofar mashaya, hannu a kan bindiga: "Fito, Ramiro, kwananka ya ƙare."

Maganar ta fito da 'yar rawar nan a wutsiyarta. Can Settimio mahauci ya ɗaga murya daga baya: "Ku mayar da shi wurin uwarsa, bai gama shan nono ba!"

Shi ke nan. Duk buɗe bakin da Furio ya yi, dariya. Kafin mako ya zagayo an sauke fim ɗin, direbobin tasi kuma in sun hango shi sai su yi masa muryar.

Furio ya zo shagona da jan ido, ya cakumi wuyan rigar Ottavio. "Kai ne ka kashe ni!"

Ottavio bai ko ajiye kofinsa ba. Da wannan muryar mai rawa ya amsa masa: "Jarumin da ba ya iya magana da bakinsa, me ya kai shi?"

'Yan karta da ke shagon suka fashe da dariya. Furio ya sake shi, ya fita.

Wanda bai yi dariya ba shi ne Gaspare. "Yaya," ya ce, "hawa ɗaya na yi a duniya wanda ya isa a gani, ka sa an jefa shi kwandon shara."

"Sunan Furio suke kira suna tafi, ba naka ba."

"Ni na san ni ne!"

Sun yi shekara ba sa ga maciji, ko da yake Ottavio ne ke goya shi sama da ƙasa a benen kullum. Daga baya Gaspare ya koyi ɗinkin sirdi, suka shirya. Furio bai ƙara yin jarumi ba, ya koma garinsu yana sayar da tsofaffin motoci. Da labarin mutuwarsa a asibiti ya zo, Ottavio ya riga ya yi furfura. Na tambaye shi ko zuciyarsa ta huce. Ya ce, "Da ƙafafunsa ya je asibiti, ko ba haka ba?" Ya tura mini kofi in ƙara masa.