Akwatin da Ba a Kashewa

Masu karatu ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, wannan ma da ƙyar na yarda ya fito daga ƙarƙashin katifata.

Kwana tara ke nan Nasiha tana durƙushe gaban wani baƙin akwati a ofishin Alhaji Imoro, dillalin man kaɗanya a unguwar Maamobi. Saba ake kiransa, shi ne zai riƙa karɓar wasiƙun imel na kamfanin yana raba wa kwamfutocin ma'aikata huɗu. Ita ta haɗa shi, ta ja wayoyi, ta buɗe wa kowa adireshinsa. Da rana kome lafiya lau. Amma masu sayen kaya na Kanada sun dage cewa duk wasiƙar da suka aiko dawo musu take yi, kuma sun ce Juma'a ce iyakar haƙurinsu.

"Kamfani ba ya ciniki ta lambar wayar mutum, haka suka ce," in ji Alhaji ranar Alhamis, yana kaɗa carbi a kan tebur. "Don darajar uwarki na ba ki aikin nan. Gobe in wasiƙarsu ba ta shigo ba, zan kira injiniyan nan na unguwar Osu."

Muftahu magatakarda ya yi dariya. "Alhaji, littafi ta haddace, akwatin kuwa bai iya karatu ba."

Nasiha ba ta ɗago ba. Uwarta, Mma Sanatu, shekara goma sha ɗaya tana sharar ofishin nan, kuma babu gidan da ba ta shiga ba a unguwarsu ta Nima tana shelar cewa 'yarta ta zama injiniya.

Da aka tashi aiki ta ƙi tafiya. Ta sake bin saitin layi-layi har idonta ya yi ja. Can ta buɗe bayanan da akwatin yake ajiye wa kansa. Kullum ƙarfe shida da 'yan mintoci na yamma sai ya mutu, ya farfaɗo bakwai na safe. Lokacin kuwa rana ce tsaka a Kanada.

Ta dubi agogo. Shida saura biyar.

Ƙofa ta buɗe, Mma Sanatu ta shigo da tsintsiya da bokiti. "Af, kina nan? Ko koko ba ki sha ba yau." Ta share ƙarƙashin teburori, ta goge tagogi, sannan ta ce bismillah, ta zura hannu bayan kabad.

"Mma! Me za ki taɓa?"

"Makunni mana. Tun da dumso, wannan ɗauke wuta a kawo, ya ƙone shagon maƙwabciyarmu Latifatu ban bar wuta a kunne ta kwana ba. Da safe Muftahu ya kunna abinsa."

Nasiha ta zauna daɓas a ƙasa. Ta dubi uwarta. "Mma, wannan gidan waya ne. In kin kashe shi, ɗan aike ya zo ya tarar da ƙofa a kulle, ya koma."

Tsintsiya ta faɗi. "Ni ce ke nan? Duk kwanakin nan?" Tsohuwar ta kama bakin mayafinta. "Alhaji zai sallame ni, Nasiha. A gaban yaran nan."

"Ba mai ji." Ta yanko salatif ta manne makunnin, ta ƙara wani a kai.

"In ya kama da wuta fa?"

"Ba zai kama ba, Mma. Ki yarda da ni sau ɗaya."

Safiyar Juma'a kwamfutar Alhaji ta yi ƙara, wasiƙar Kanada ta shigo da takardar yarjejeniya. Ya yi kabbara har hularsa ta goce.

"To, me ya lalace tun farko?"

Mma Sanatu na bakin ƙofa, ta ƙanƙame bokitinta.

"Ni na yi kuskure wajen saiti, Alhaji," in ji Nasiha.

"Ban faɗa ba?" Muftahu ya ce. Alhaji ya girgiza kai kawai, ya ce a karanta masa wasiƙar tun daga sama. Duka suka duƙufa a kan allon, kowa na ture kafaɗar ɗan'uwansa.

Nasiha ta naɗe ragowar waya ta sa a jaka. Ta raɓa ta gefen uwarta, ta karɓe mata bokitin, ta sauka matakala a hankali don kada takalminta ya yi ƙara.