Ajiyar Musye Lo a Adakar Tasalla

Tasalla ta gaji da ajiyar mutane. Duk wanda zai yi tafiya a unguwarsu ta Birketiri, a Yawunde, ita yake jibge wa kayansa, don an san ba ta taɓa abin wani. Amma ajiyar Musye Lo ce ta fi tsaya mata a rai.

Shi Musye Lo kuku ne na 'yan Sin da ke wani ƙaton gini a tudun Tsinga. Wajenta yake sayen kaji a kasuwar Mokolo, da Faransancinsa mai ɗingishi, nata ma bai fi nasa lafiya ba. Da aka tura shi arewa aikin madatsar ruwa, sai ya kawo mata wani abu kamar faifai, naɗe a takarda. Ta ɗauka daddawa ce. Ashe ganyen shayi ne manya-manya aka danne. Ya ce uwarsa ce ta tsinko a dutsen garinsu, ɗanye ne, a hankali yake nuna, kowace shekara yana ƙara daɗi.

To ina mace mai hankali za ta sa amana irin wannan? Madafa? Haba! Cikin adaka ta sa shi, tsakanin zannuwan sallarta, gefen kwalbar humra. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, ga ciwon gwiwa, ga hawan tudun kasuwa kullum. Duk da haka ba ta fasa ƙara sabon kafur ba, kada asu ko danshin Yawunde su taɓa kayan bawan Allah.

Ran nan da la'asar sai ga shi a zaure, ya rame, furfura ta fito. Ya ce tsohuwarsa ta rasu yana can arewa, bai samu zuwa ba.

"Mama, shayina," ya ce.

Ta lallaɓa ta ɗauko. Ta kawo ruwan zafi da sukari da madara, ya ce ruwan kawai. Ya warware takardar, ya kai hanci. Ya ɓantari kaɗan, ya zuba ruwa, ya tsiyaye, ya sake zubawa, ya sake tsiyayewa. Zauren gaba ɗaya ya ɗauki ƙamshin kayan sallarta. Ta dube shi.

"Ɗan nan, ya lalace ne?"

"Ganyen nan yana shanye duk ƙamshin da ke kusa da shi, mama. Ni ne ban gaya miki ba."

"Wallahi wurin da ya fi ko'ina daraja a gidan nan na sa shi."

"Na sani," in ji shi.

Ya daure ya shanye kofin tas. Tausayinsa ya kama ta har ta rasa inda za ta sa idonta. Ya naɗe ragowar a hankali, ya tura gabanta.

"Ki riƙe, mama. Na gidanki ne yanzu. Babu ƙamshin dutsenmu a ciki."