Akwati na Uku

Takardar na kan tebur, iskar fanka tana ɗaga gefenta tana sakewa. Akwati uku ne a ƙasan shafin: ta kammala, ta rasu, ba a same ta ba.

"Na ukun za ki yi wa alama," in ji Oga, shugaban masu tattara bayanai, bai ko ɗago daga kwamfutarsa ba.

Auta ta tsura masa ido. Shekara biyu ke nan tana cike irin wannan takarda a binciken sabon maganin hawan jinin masu ciki, amma yau lambar da ke saman shafin, ɗari biyu da sha huɗu, ta yayarta ce.

"Oga, ba ɓata ta yi ba. Na san inda take kwance. Ni na riƙe butar da aka yi mata wanka."

"Allah ya ji ƙanta. Amma a gida ta cika, ba a hannunmu ba. Kina rubuta rasuwa kwamitin sa ido zai zauna, a tsayar da komai ana bin diddigi. Mu ashirin muke cin abinci a nan. Ke kaɗai ce mai 'yar'uwa?"

* * *

Auta ce ta kawo Yaya cikin binciken da ƙafarta. Ita ta karanta mata shafi shida na amincewa, ta kama babban yatsanta ta dangwala a tawada. Yaya ta ɗaga yatsan tana dariya.

"To, 'yar boko, kin sayar da ni. In ɗan nan ya fito yana Turanci, ke za ki goya."

Wata huɗu jinin na sauka, Auta tana tafiya kamar ita ta haɗa maganin. Sai ranar wata Juma'a Yaya ta ce kanta kamar ana sara, kuma tana ganin ƙofa biyu. Auta ta kira layin wayar binciken. Aka ce Yaya ta sha ruwa ta huta, ranar ganinta Talata ce. Lahadi da la'asar jijjiga ta kama ta a bakin murhu. Kafin a samo mota ta cika, da cikinta wata takwas.

Ko maganin ne, ko ba shi ba ne, Auta ba ta sani ba. Abin da take so ke nan a bincika, domin mata ɗari huɗu suna haɗiyarsa kowace safiya.

* * *

A gaban Oga, Auta ta ɗauki biro ta yi wa akwatin tsakiya alama, ta danna har takardar ta huje. Ta sa hannu da cikakken sunanta.

"Taurin kai ba ya dafa tukunya, Malama," in ji Oga.

"Ai ba tukunya na zo dafawa ba."

Tana tattara jakarta ta ji injin buga takarda ya tashi. Sabon shafi ya fito, fari tas, da lamba ɗari biyu da sha huɗu a samansa. Ta rubuta wa kwamiti sau biyu, shiru. Ƙarshen wata ba a sabunta mata aiki ba, ta fita ba ta roƙi kowa ba.

* * *

Inna ta ƙi a kashe wayar Yaya. Kullum sai ta sa an yi mata caji, ta naɗe ta a ɗankwalin marigayiyar. Wata hantsi tana tsince wake wayar ta yi ƙara.

"Auta, zo karanta min, idona ba ya kama waɗannan ƙananan."

Auta ta karɓa. Saƙon da na'ura ke aika wa duk wadda aka sa a akwati na uku ne. Ta karanta a hankali: "Mai lamba 214, mun daɗe ba mu gan ki ba. Lafiyarki ce damuwarmu. Ki zo ranar Talata."

Inna ta goge ido da bayan hannu.

"Kin gani ko? Mutanen kirki. Dangin mijinta ma sun daina zuwa, su har yanzu suna cigiyarta."

Auta ta naɗe wayar a ɗankwalin, ta jawo tiren waken gabanta.