Kamu Biyu da Taƙi

Sa'adiyya ta riga ta buɗe bakin almakashi a kan tampol ɗin sai ta ji muryar mahaifinta daga ƙofar ɗakinsa.

"Me za ki rage?"

"Baba, ya yi yawa ne. Jiya mun gwada shi a jikin ƙarafan Mikail, sai lilo yake yi."

"Ba a rage riga kafin mai ita ya saka," in ji Malam Nata'ala. "Naɗe shi haka."

Ta naɗe, ba don ta yarda ba. Tun da aka yi masa aikin ido ba kasafai yake haɗa magana biyu a jere ba, ita kuwa ba za ta yi musu da wadda ta samu ba.

Malam Nata'ala ɗinki ya gada, kamar kusan kowa a lungunsu na Soron Ɗinki. Da kafar allura ta fara yi masa wasan ɓuya, sai ya bar wa Sa'adiyya kekensa da tsohuwar sandar awonsa, ya sayi wata 'yar jar tarakta yana yi wa mutane huɗa a gonakin bayan Dawanau. An yi masa dariya ba kaɗan ba, wai tela a kan tarakta. Shi kuwa cewa yake yi kunyar gona da layin ɗinki duk abu ɗaya ne, in ka karkace kowa zai gani. Ya yi shekaru a haka, yana fita da sassafe ya dawo buɗu-buɗu da ƙasa yana raha, har yanar ido ta rufe masa gani.

Aikin ya yi kyau, ido ya buɗe. Amma likita ya ce ban da ƙura, ban da ƙaiƙayi, ban da iskar da za ta riƙa dukan fuska. Auwalu, babban ɗansa, wanda ke da shagon turare a Kurmi, shi ya yi jinya a asibiti, shi ne kuma tsoron makanta ya fi kamawa. Ya ba wani direba taraktar ya tafi da ita aiki wajen Bichi, ya ce in ta dawo sayar da ita za a yi, Baba ya huta. To, Baba ya huta. Ya zauna a kan tabarma yana kallon bango da sabon idonsa, abinci sai an yi da gaske, hira babu. Sa'adiyya tana ganinsa yana raguwa a cikin rigarsa, abin yana ci mata rai.

Ƙaninta Mikail, mai walda a Jakara, shi ya kawo dabarar rumfa. Ya ce zai haɗa ƙarafa a ɗora a kan taraktar, ita kuma ta ɗinka musu tampol mai tagogin leda irin na adaidaita sahu, da ƙofa mai zif, yadda ƙura ba za ta sami hanya ba. Auwalu ya ce a gwada sau ɗaya. In ta zauna, shi ke nan. In ba ta zauna ba, akwai mai son sayen taraktar, kuma kada wanda ya sake tayar da maganar.

Da yake taraktar tana can nesa, Baba aka tambaya awo. Ya lumshe ido kamar mai tuna fuskar aboki, ya ce faɗi kamu biyu da taƙi, tsayi kamu uku. Kamu dai daga gwiwar hannu ne zuwa kan doguwar yatsa, taƙi kuwa abin da yatsu suka buɗe, kuma da su telolin unguwar suka yi ta yanka riguna tun kafin a san tef. Mikail ya tafi shagonsa ya durƙusa, ya shimfiɗa hannunsa a kan ƙarfe yana sa alama da alli. Sa'adiyya ta ɗauko sandar awon Baba daga bayan ƙyaure ta yanka tampol. Da aka haɗa aikin biyu, tampol ya yi wa ƙarafa yawa, Mikail ya sami abin yi.

"Yaya, tarakta fa na ce, ba limamin Juma'a ba. Wannan ai babbar riga kika ɗinka."

Jiya aka dawo da taraktar, aka ajiye ta a filin makanikai da ke wajen Ƙofar Dawanau, don lungunan cikin gari ba su san da zamanta ba. Makullin yana aljihun Auwalu. Hadari kuma ya fara leƙowa daga gabas da yamma, masu gona sun fara cigiyar mai huɗa.

Da hantsi aka turo ƙarafan a amalanke daga Jakara har bakin titi, aka loda su a a-kori-kura tare da injin walda da ɗan janareta. Sa'adiyya ta bi bayansu a adaidaita ita da Baba, tampol a kan cinyarta. Ya saka baƙin tabaran da aka ba shi a asibiti, ya sunkuyar da kai duk hanya. Amma da suka shiga filin ya hango jar taraktar a ƙarƙashin dalbejiya, sai ta ga ya sauka tun kafin mai adaidaita ya gama tsayawa. Ya je ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin injin ya bar shi a wurin.

Mikail da makanikai biyu suka ɗaga rumfar. Aiki ne mai kyau, ya shafe ta da jan fenti don ta dace da uwar ɗakinta. Suka sauke ƙafafun hagu a kan ƙarfen da ya rufe tayar baya, ramukan noti suka hau daidai. Mikail ya zagaya dama yana murmushi, murmushin ya tsaya. Ƙafafun dama suna reto a iska, ba su kai ga mazauninsu ba, saura kusan tsawon tafin hannu. Suka ja, suka girgiza, suka juya ta gaba ta koma baya. Ƙarfe dai ba roba ba ne.

Baba ya taka ya hau don ya gani da kansa. Yana zama rufin ya danne masa hula har kunne. Wani makanike ya ƙyalƙyale da dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya mayar da ita tari.

"Wallahi yadda aka faɗa min na yanka," in ji Mikail, gumi na bin wuyansa. "Kamu biyu da taƙi. Sau nawa na auna."

"Ba laifinka ba ne," Auwalu ya ce a hankali. "Allah bai nufa ba. Baba, sauko, rana tana yi."

Baba ya sauko ba musu, kuma wannan ne ya fi yi wa Sa'adiyya ciwo. Da faɗa ya yi da ta fi so. Ya gyara hularsa ya nufi inuwa yana jan ƙafa, irin tafiyar da yake yi daga ɗaki zuwa tabarma. Ta dubi tampol ɗin da ke hannunta, wanda tun jiya ake yi mata tsiya a kansa, ta dubi ratar da ke tsakanin ƙafar rumfa da mazauninta.

"Mikail," ta ce, "kamun wa?"

"Kamar yaya kamun wa? Kamu ai kamu ne."

"Da hannun wa ka auna?"

Mikail ya dubi hannunsa. Baba ya tsaya cak, ya juyo.

"Zo nan," ya ce.

Ya naɗe hannun rigarsa, ya kama hannun Mikail ya jera shi da nasa, gwiwa da gwiwa, a kan murfin injin. Yatsun Baba suka wuce na ɗansa da faɗin yatsa uku. Malam Nata'ala dogo ne, sandar da Sa'adiyya ta auna da ita kuwa a hannunsa aka yanke ta tun yana saurayi. Ya daɗe yana kallon hannayen biyu, har ya cire tabaran.

"Hannun mahaifiyarku 'Yardada ka ɗauko," ya ce. "Allah ya jiƙanta. Ita ma duk rigar da ta yanka min sai na bi ta da ƙari. Ba ta taɓa yarda nata ne gajere ba, kullum wai ni ne na cika tsawo."

Sai ya yi dariya, irin tasa ta da, mai girgiza kafaɗu. Sa'adiyya ta ja bakin mayafinta ta goge ido. Ta yi kewar uwarta, ta yi kewar dariyar nan, ba ta san wanne ne ya sa ta hawaye ba.

"To sai a yi mata ƙari," in ji Mikail.

"Ba a fafe gora ranar tafiya," Auwalu ya ce. "Ƙarfen da aka yanka aka jona, in ya karye da shi a gona fa?"

"Malam," in ji Baba, don ba ya kiran sunan ɗan fari, "rigar da ke jikinka ma jone-jone ce. Ka taɓa tsiraici a kasuwa?"

Auwalu ya dubi rigarsa. Ya koma kan benci ya zauna, hannunsa a aljihu.

Aka sauke rumfar ƙasa. Wannan karon Baba ne ya durƙusa, ya shimfiɗa hannunsa a kan ƙarfe, Mikail yana bin kan yatsarsa da alli. Aka raba rumfar biyu ta tsakiya, aka zura guntun ƙarfe a ciki don ƙarfi, aka jona faɗi, aka ƙara wa kowace ƙafa tsayi. Sa'adiyya ta tsaya a gaban Baba da tampol a buɗe tana kare shi daga hasken walda, shi kuma yana ta ba da umarni ta bayan tampol ɗin kamar yana gani. Sun yi azahar a masallacin makanikai, suka dawo suka ci gaba. Jan fenti ya ƙone a wuraren jonin, rumfar ta zama dabbare-dabbare, kyanta ya ragu.

Bayan la'asar aka sake ɗaga ta. Ƙafafu huɗu suka sauka a mazauninsu, notuna suka shiga ba gardama. Auwalu ya taso da kansa, ya kama ƙarfen ya rataya da dukkan nauyinsa, ya jijjiga. Taraktar ce ta motsa, rumfar ba ta ce komai ba. Sa'adiyya ta warware tampol suka lulluɓa, ya zauna ɗas, kowace taga a inda ya kamata.

"Limamin Juma'a ya saka rigarsa," ta ce wa Mikail.

"Na ji, Yaya. A bar maganar a nan, kada ta kai gida."

Baba ya hau, ya zauna, hula ba ta taɓa komai ba. Ya ja zif ɗin har sama. Ta cikin ledar taga suna ganinsa ya kama sitiyari da hannu biyu, ya miƙe bayansa.

Auwalu ya matso jikin tagar. "Baba, amma da sharaɗi. Tabarau ba za a cire ba. Zif a rufe ko da zafi. In rana ta take a sauka. Maganin ɗigawa kuma..."

Baba ya nuna kunnensa, ya nuna tampol, ya girgiza kai, wai ba ya ji. Kowa a filin ya san ko tarin akuya tampol ba ya tarewa. Auwalu ya ɗaga murya ya sake farawa daga tabarau. Baba ya sake girgiza kai, fuskarsa ba alamar wasa. Sannan ya zuge zif ɗin kaɗan daga ƙasa, daidai wurin hannu, ya zuro dogon hannun nan waje, tafin a buɗe.

Auwalu ya tsaya yana kallon hannun. Ya waiwayi ƙannensa, babu wanda ya taimake shi da ko kallo. Ya ja numfashi, ya zaro makullin daga aljihu ya sa a tafin.

"Allah ya tsare," ya ce, can ƙasa-ƙasa.

"Amin," in ji Baba daga ciki.